Ku Tambaya Mu Amsa: tsoffin taurari masu kama da samari

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda muka yi maganar Kaza da 'ya'yanta a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa ta WhatsApp, wasu ma sai cikin dare nake samun damar buɗe su. A can na ce taurarin Kaza shuɗɗa ne saboda yara ne, shekarunsu basu wuce miliyan 100 da ɗoriya ba, na kuma ce shuɗin tauraro baya daɗewa. To wani ɗalibi ya riƙe ni da wannan maganar kuma naji daɗin hakan sosai, da saƙonsa zamu fara, shi ne ma zai cinye mafi yawan filin.

TAMBAYA, daga ɗalibin ajin ƙarshe a lise, Marwa: Malam ina wuni, ya aiki ya zafi. Malam kace shuɗin tauraro baya tsawon rai, to ni kuma naga hoto a Facebook na wasu taurari masu yawan gaske a cure kamar curin fura, an rubuta wai shekarunsu biliyan 12 ko 13, amma a cikin hoton ga wasu shuɗɗa nan jefi-jefi musamman ta tsakiya. Na tambayi malaminmu na fizik yace da Turanci sunansu bulu istiragila amma bamu samu lokacin bayani ba saboda jarabawar bak ta matso. Dan Allah ta ina suka fito, kuma ta yaya aka sani tunda ba wanda ya taɓa zuwa can?

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya bada sa'ar jarabawa. Abinda ka hango ɗin nan ya daɗe yana hana masana barci, sama da shekara 70 kenan ana kansa.

Abinda ka gani a hoton shi muke kira dunƙulen taurari, taro ne na taurari dubu ɗaruruwa, wani ma har miliyoyi, ƙarfin jan juna ya cure su wuri ɗaya, kuma kwatancenka na fura ya yi daidai. Babban garken taurarin da ranarmu take ciki, wannan farin hayaƙin da ke ratsa sama idan an ɗauke wuta gari ya yi duhu, yana da irin waɗannan dunƙulen sama da 150 suna kewaya shi. Abinda yasa masana ke ƙaunarsu shine taurarin dunƙule ɗaya kusan duk tsara ne, daga gajimaren gas ɗaya aka yi su a kusan lokaci guda, shekara biliyan 12 zuwa 13 da suka wuce (biliyan shine miliyar a lissafinmu na nan), daga nan gas ɗin ya ƙare haihuwa ta tsaya cak. Ranarmu da bata wuce shekara biliyan 4.6 ba jikarsu ce.

Sai maganar launi. In ka taɓa tsayawa a maƙera kasan ƙarfe in ya fara ɗaukar zafi ja yake yi, in aka ci gaba da zuga ya koma ruwan ɗorawa, sannan ya yi fari, in ka leƙa wajen masu walda kuma zaka ga hasken ya wuce fari ya shiga shuɗi-shuɗi. Haka tauraro yake, ja shine mai dama-dama a cikinsu, shuɗi shine mai tsananin zafi. Abinda ke kawo zafin kuwa nauyi ne, tauraro mai nauyi jikinsa na danne cikinsa da ƙarfi, cikin ya yi zafi ƙwarai, ya riƙa haɗa gas ɗin haidirojin, wato makamashinsa, yana maida shi wani gas mai suna hiliyom da gaggawa. Sai mutum ya zaci mai nauyi tunda ya fi guzuri zai fi daɗewa, ina, wutar kara ce, ta fi haske ta riga mutuwa. Tauraro mai nauyin rana biyu guzurinsa biyu ne kawai amma haskensa ya ninka na rana fiye da sau goma, dan haka rana zata yi wajen shekara biliyan 10 tana cin haidirojin ɗinta, shi kuwa biliyan 2 ma da kyar.

Yanzu haɗa maganganun biyu. A dunƙule mai shekara biliyan 12 manyan ciki sun fashe tun tuni, matsakaita kuma irin ranarmu da waɗanda suka ɗan fi ta sun tsufa sun kumbura sun yi ja sun zubar da jikinsu, abinda suka bari ɗan gawayi ne mai zafi da ake kira farin wada. Waɗanda suka rage suna ƙona haidirojin a cikinsu sune masu nauyin wajen kashi 80 cikin ɗari na rana zuwa ƙasa. Ganin shuɗi mai nauyi a nan kamar ka shiga gonar gero ne da aka shuka rana ɗaya da ruwan farko, kaka ta wuce hunturu ya shigo kara duk ya bushe, sai ka tarar da wasu tsiraru a tsakiya kore shar kamar watan Agusta, alhali ba wanda ya sake shuka kuma ruwa ya ɗauke.

Wanda ya fara cin karo da su wani matashin masani ne ɗan Amurka, Allan Sandage, a 1953, yana aiki a gidajen hangen taurari na dutsen Wilson da Palomar a Kalifoniya. Ya zauna ya auna haske da launin taurarin dunƙulen M3 ɗaya bayan ɗaya, M ɗin nan kuwa na Charles Messier ne, Bafaranshen da ya gano dunƙulen a 1764, taurarin dunƙulen sun kai wajen 500,000 kuma haskensa na yin shekara kusan 34,000 kafin ya iso mana. Da ya jera su a zane, haske a tsaye launi a kwance, sai suka bi layi ɗaya tiryan-tiryan har inda layin ya karya kwana zuwa ɓangaren ja, wato inda tsufa ya kai a yanzu. Amma wasu 'yan kaɗan sun ƙi karya kwanar, suna can gaba a kan layin, sun fi na bakin kwanar haske sun fi su shuɗi. Ma'anar sunan da malaminku ya faɗa maka kenan, shuɗɗan da suka tsaya a baya wajen tsufa, kamar tunkiyar da garke ya wuce ya barta tana kiwo. Ni a filin nan zan riƙa ce musu 'yan baya.

Amsar da aka tsaya a kai ita ce 'yan baya tsoffi ne, tsaran sauran ne, ƙiba suka yi daga baya. Dama tauraro baya ƙona haidirojin ɗinsa duka, na tsakiya kawai yake ci, wajen kashi ɗaya cikin goma, sauran yana nan jibge a jikinsa. In aka ƙara masa nauyi sai cikin ya ƙara matsuwa ya ƙara zafi, wutar ta faɗaɗa ta kai ga haidirojin da a da bata isa gare shi ba, kamar an ƙara gawayi an ƙara zuga lokaci ɗaya, shikenan sai ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma shuɗi-shuɗi. Kuma an auna an gani, a 1997 da na'urar hangen nesa ta Hubble da ke sararin samaniya aka auna nauyin wani ɗan baya a dunƙulen 47 Tukana, aka samu nauyin rana 1.7, kaga kusan ninki biyu na abinda ya kamata a samu a wurin kenan, yana kuma juyawa a kan kansa da saurin da ya ninka na rana wajen sau 75.

To ina ya samo ƙarin? Hanya biyu ce.

Ta farko ta tagwaye ce. Taurari da yawa basa zama su kaɗai kamar ranarmu, biyu-biyu suke suna kewaya juna, wasu a kusa ƙwarai. A cikin biyun wanda ya ɗan fi nauyi shi zai riga tsufa, ya fara kumbura, ya yi ta kumbura har fatar jikinsa ta kai wurin da jan ƙaninsa ya fi nasa ƙarfi, daga nan gas ɗinsa zai fara malala yana zuba a kan ƙanin, ba na kwana ɗaya ba, abu ne da zai iya ɗaukar shekaru dubbai har miliyoyi. Ƙanin ya yi ƙiba ya yi shuɗi, wan kuma ya ƙare a tsurar ƙwayarsa, farin wada, yana nan yana kewaya wanda ya shanye shi. Wani lokaci ma in sun yi kusa da yawa sai su manne su zama tauraro ɗaya, musamman in akwai na uku daga nesa yana jan su yana matse hanyarsu. Wani masani William McCrea ne ya kawo maganar malalar gas ɗin nan a Ingila tun 1964.

Ta biyu karo ne, karo na gaske, tauraro ya daki tauraro. Wasu masana biyu Hills da Day suka yi lissafinsa a 1976. A unguwar ranarmu wannan kusan baya yiwuwa, zan kawo lissafin a amsar Baba Alhaji a ƙasa, amma tsakiyar dunƙule cunkoso ne kuma an yi shekara biliyoyi ana giftawa juna. In biyu suka haɗu basa tarwatsewa kamar motoci, tunda gas ne, ɗan kaɗan ne ke fallatsa waje, sauran ya cakuɗe ya kumbura ya yi ta juyi da sauri, a hankali ya lafa ya zauna a matsayin tauraro ɗaya mai nauyin biyun. Abinda mutane basu cika lura da shi ba shine ko karon ma yawanci ta hannun tagwaye yake zuwa. Tauraro guda ya saiti tauraro guda abu ne mai wuya ko a cunkoso, amma tagwaye tarko ne mai faɗi, in baƙo ya gifta kusa da su sai ya faɗa ciki su uku su yi ta zagayen juna a rikice, a cikin wannan rikicin ne biyu ke gwara kai.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda a wurina ta fi ta farko daraja, ta yaya aka sani. Haske ne ke kawo labari ɗana, kuma shaidun ba ɗaya bane.

Akwai shaidar sinadari. In aka tsaga hasken tauraro kamar bakan gizo ana ganin alamar abubuwan da ke fatarsa. A 2006 Francesco Ferraro ɗan Italiya da abokan aikinsa suka duba 'yan baya sama da 40 na 47 Tukana da babbar na'urar Turai da ke ƙasar Chile, sai suka tarar 'yan kaɗan daga cikinsu fatarsu ta yi ƙarancin kabon da oksijin. Gas mai irin wannan ƙarancin a can cikin tauraro yake samuwa inda wuta ta riga ta taɓa shi, to me ya kawo shi fata? An feɗe wani tauraro ne har ciki an zuba wa wannan a ka. Wannan tambarin malala ne.

Akwai kuma neman gawar wan. Wannan an fi yinsa a wani tsohon taro mai suna NGC 188, shi ba dunƙule bane, buɗaɗɗen taro ne mara cunkoso, dan haka ya fi sauƙin bincike. Aaron Geller da Robert Mathieu suka nuna kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan bayansa suna da abokin kewaye, kuma a 2011 suka nuna nauyin abokan yawanci wajen rabin rana ne, daidai nauyin farin wada, bayan 'yan shekaru kuma Hubble ta hango zafin wasu daga cikin fararen wadan da kanta.

Sannan ƙidaya. A 2009 Christian Knigge da abokan aikinsa suka ƙirga 'yan baya a tsakiyar dunƙule sama da 50. Da karo ne babbar hanya ai dunƙulen da ya fi yawan gifte-gifte shi zai fi 'yan baya, sai aka ga yawansu ya fi bin yawan nauyin taurarin da ke tsakiyar ne kawai, abinda ke nuna tagwaye, tunda inda taurari suka fi yawa nan tagwaye suka fi yawa.

Amma wanda ya fi burge ni shine na dunƙulen M30, shi ma a 2009, Ferraro ne dai. Da aka jera 'yan bayan tsakiyarsa a irin zanen Sandage sai suka rabu layi biyu gefe da gefe, ɗaya ya fi shuɗi ɗaya ya ɗan yi ja-ja, da aka gwada da lissafi layin shuɗin ya dace da 'ya'yan karo, ɗayan ya dace da 'ya'yan malala. Bayanin da suka bayar shine shekara biliyan 1 zuwa 2 da suka wuce tsakiyar M30 ta rufta ciki, cunkoso ya yi tsanani, karo ya yawaita, tagwaye ma aka matse su suka fara malala, sai aka samu iri biyu a dunƙule ɗaya. In ka tambaye ni ra'ayina, tagwaye sune uwa uba a wannan harka, karo yana nan kuma gaskiya ne amma a tsakiyar dunƙule masu tsananin cunkoso ya fi tasiri, kason kowanne kuma har yau masana na jayayya a kai.

Abu ɗaya kar ka manta, maganata ta fitowar da ta wuce tana nan daram, shuɗi baya daɗewa. Ɗan baya ma tunda ya yi nauyi ya shiga dokar wutar kara, shekara biliyan kaɗan zai yi shi ma ya kumbura ya yi ja, da an barshi da ƙaramin jikinsa da ya fi haka daɗewa. Kaga kenan waɗanda ka gani a hoton ba tun farkon dunƙulen suke shuɗɗa ba, ana ta yin sabbi ne wasu na ƙarewa. Kuma da yake sun fi maƙwabtansu nauyi a hankali suke nitsewa zuwa tsakiya, kamar yadda tsakuwa ke komawa gindin ƙwarya in ana rege shinkafa, shi yasa ka fi ganinsu ta tsakiya. A 2012 aka duba dunƙule 21 aka mayar da wannan nitsewar agogo, inda 'yan baya ke warwatse ko'ina ba a daɗe da fara regen ba, inda suka taru a tsakiya irin M30 rege ya yi nisa.

TAMBAYA, daga wani dattijo ɗan kasuwa, Kusiri, jikansa ya rubuta masa: Malam barka da aiki. Yaron nan ya karanta mini cewa taurari na karo da juna, to ranarmu fa, ba wata rana wani zai zo ya dake ta ba?

AMSA: Baba Alhaji Allah ya ƙara girma da lafiya, ka kwantar da hankalinka ta wannan ɓangaren. Tauraron da ya fi kusa da rana, Proksima, haskensa na yin shekara 4.2 kafin ya iso nan. In muka mayar da rana ƙwayar gyaɗa ɗaya muka ajiye ta a Garwa, to maƙwabcinta mafi kusa wata ƙwayar ce a wajen Ngaundere, tsakani ba komai, kaga kuwa gyaɗa biyu masu irin wannan tazarar haɗuwarsu ba abin sa rai bane ko a shekara biliyoyi. A tsakiyar dunƙule mai cunkoso sosai tazarar takan sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na shekarar haske, wato nisan da haske ke ci a shekara ɗaya, a kwatancen gyaɗar nan kilomita kaɗan kenan, unguwa da unguwa, kuma ƙwayoyin dubbai ne suna ta kai da komo. Can ne ake karo. Ranarmu bata cikin dunƙule, kuma bata da abokin tagwaitaka da zai shanye ta ko ta shanye shi.

TAMBAYA, daga wata malamar firamare, Garwa: Malam sannu da ƙoƙari. Ni yarana na gida da na aji nake so na nuna wa irin wannan dunƙulen da idonsu, bamu da na'ura, akwai wanda ake gani daga nan?

AMSA: Akwai malama, kuma mu nan mun fi mutanen Turai sa'a, domin sarkin dunƙulen duka, Omega Sentauri, daga Faransa ma kusan basa ganinsa, mu kuwa yana tasowa mana sosai. Taurarinsa wajen miliyan 10 ne, nisansa wajen shekarar haske 17,000, kuma ana ganinsa da ido tsura. Lokacinsa Afrilu zuwa Yuni ne, a tsakiyar Afrilu da tsakar dare yake kaiwa ƙololuwa, a tsakiyar Mayu kuma wajen ƙarfe 10 na dare, wannan ya fi dacewa da yara. Ki jira daren da ba wata, zai fi kyau bayan ruwan farko ya wanke ƙura, ku fita inda fitilun gari basu kai ba ku fuskanci kudu. A sama sosai zaki ga wani tauraro mai haske fari mai shuɗi-shuɗi shi kaɗai, sunansa Sipika, manhajar taurari ta waya zata nuna miki shi in kin yi shakka. Lokacin da ya kai ƙololuwarsa ki sauko da ido daga kansa kai tsaye zuwa ƙasa, wajen rabin hanya tsakaninsa da inda sama ta haɗu da ƙasa zaki ga wani abu kamar tauraron da aka goge da yatsa, dishi-dishi, shine. Daga Marwa ko Injamena ma haka ne, sai dai ya ɗan fi yin ƙasa kaɗan.

Ku bar idonku ya saba da duhu kamar minti 20, kar kowa ya kunna waya a fuska. In an samu aron abin hangen nesa na hannu, jumel, zai fito kamar ƙwallon auduga mai faɗin wata, kuma da shi a daren nan ɗaya zaku iya neman M3 na Sandage ta arewa, sama sosai, ba nisa da tauraron nan mai ruwan lemo da ake kira Arkturus, shi dai ƙarami ne sai an yi haƙuri. 'Yan baya ɗaya-ɗaya kam jumel bazai raba miki su ba, wannan sai manyan na'urori, amma ki gaya wa yaran suna cikin hasken da suke kallo, kuma Omega Sentauri na cikin dunƙulen da 'yan bayansu ke warwatse ko'ina, basu riga sun nitse tsakiya ba. In kun fita ki turo mana abinda yaran suka ce sun gani, zamu sa a fili mai zuwa in Allah ya kaimu.